Sunan Dubek a Rediyo

A garinmu na bakin kogin Ohio ana gardama a kan komai, daga wace mashaya ce ta fi tsufa har zuwa wane ne ya jawo aka rufe masana'antar ƙarfe. Abu ɗaya ne ban taɓa jin an yi musu a kansa ba: duk cikin 'ya'yan da garin ya haifa babu ƙato kamar Harlan, ɗan Emil Dubek. Ranar da aka haife shi, ma'aikaciyar jinya ta ɗaga shi da hannu biyu ta ce wa uwar, "Baiwar Allah, wannan ai sai a saya masa jakar makaranta." Uwar ba ta daɗe ba, ta rasu yaron yana rarrafe. Yayarsa Loretta ce ta raine shi, har yau kuma tana cewa shi ya lanƙwasa mata baya.

Yana shekara tara Emil ya kai shi filin bayan coci, inda ake ɗaukar yara masu son wasan ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a ruga da ita. A bakin ƙofa an ajiye sikeli. Ƙa'idar wasan yara ce: duk wanda ya haura nauyin da aka yanka, sai a manna masa jan salatif a hular kwano, alamar ba shi da izinin ɗaukar ƙwallo ya ruga da ita, kada ya tattake 'ya'yan mutane. Harlan ya hau sikeli, allura ta yi tsalle. Mai awo ya kalle shi, ya kalli uban, ya ce, "Emil, me kake ba yaron nan? Siminti?" Aka manna salatif.

Bai yi kuka a gaban mutane ba. Sai da suka shiga tsohuwar a-kori-kurar uban ya fashe, majina shaɓe-shaɓe, yana cewa shi ma yana so ya ruga, yana so a kira sunansa a lasifika kamar sauran yara. Emil ya ƙyale shi ya yi mai isarsa. Da suka hau gadar kogi sai ya rage gudu.

"Kai, ƙato, share hancinka ka duba. Ƙarfen gadar nan ta hannuna ya bi, ni da wasu irina. Je ka duba allon da ke bakinta ka gani ko akwai sunana. Sunan gwamna ne, mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba."

"To ba ka jin haushi, Baba?"

"Haushin me? Ta taɓa faɗuwa da kai?"

Yaron ya ja hanci ya ce a'a. Daga ranar aka sa shi a katanga, kuma a katanga ya tsufa.

Wanda bai taɓa tsayawa a katanga ba bai san rashin adalcin duniya ba. Ƙarti biyar ne ake jerawa a gaban mai jifa, su duƙa hannu a ƙasa. Ana miƙa ƙwallo, mafarautan ɗaya ɓangaren su taso a guje, burinsu su kai mai jifa ƙasa, su kuwa biyar ɗin nan su tare su da ƙirji da tafin hannu. Shi ke nan aikin. In an yi shi da kyau, mai jifa ya tsaya hankali kwance ya wurga, wani siririn yaro ya cafe ya ƙetare layin ci, ya yi rawa a gaban kyamara, mai sharhi a rediyo ya yi ta kiran sunayensu har muryarsa ta dushe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan katanga kuwa sau ɗaya ake tunawa da shi: ranar da mafarauci ya kuɓuce masa ya cakumo rigarsa. Nan alƙali zai jefa rawayan ƙyallensa, ya kunna makirfo, ya shelanta wa duniya lambar mai laifi, a mayar da ƙungiya baya yadi goma. Ranar ce kowa yake sanin sunanka, har da na ubanka.

Harlan ya yi jami'a da wannan aiki. Ranar da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa, Loretta ta dafa abinci kamar na biki, aka zauna gaban talabijin har aka gama, ba wanda ya kira Dubek. Ƙungiyoyi biyu suka gwada shi suka sallame shi, ɗaya ta ce ƙafarsa ba ta da sauri, ɗaya ba ta ma ce komai ba. Ya dawo gida ya shiga aikin kwasar kaya, yana ɗaukar firji da fiyano a benaye, da yamma kuma ya je filin bayan coci ya yi ta tura motar Emil gaba da baya don kada ƙafafunsa su manta. Mutanen gari suna wucewa suna girgiza kai. Wanzami ma ya ce masa ya haƙura ya nemi aikin gadi a banki, girman jikin kaɗai ya isa ya kori ɓarawo.

Wata rana yana tsakiyar matakala da injin wanki a bayansa waya ta yi ƙara. Gwiwar wani ta tashi aiki a wata ƙungiya, ana neman wanda zai toshe gurbin na mako biyu. Sai da ya kai injin har hawa na uku, ya daidaita wa matar shi a inda take so, sannan ya tafi tashar jirgi. Mako biyun nan ne suka zama shekara goma sha ɗaya, yana hagun mai miƙa ƙwallo, da lamba sittin da bakwai a bayansa.

Abin da shekarun suka ci a jikinsa ba kaɗan ba ne. Yatsunsa kowanne ya kama gabansa, ƙaramin na hagu ma ya juya yana kallon wani gari. An yanka gwiwarsa sau biyu. Safiyar Litinin da baya-baya yake sauka daga bene yana riƙe da bango. Amma masu jifa uku suka yi zamani a bayansa, kuma dukkansu suna barci da kyau daren Asabar, jajibirin wasa. A wurin 'yan katanga abin alfahari ɗaya ne: a tashi wasa bayan rigar mai jifa bai taɓa ƙasa ba. Harlan yakan leƙa rigar kafin ya leƙa allon maki.

Emil bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ciwon sukari ya cinye masa idanu tun Harlan yana jami'a. Sai ya koma wa rediyo. Kowace Lahadi in an taso daga coci, Loretta ta soya firogi, 'yan ƙullin fulawar nan masu dankali da cuku a ciki, ta barbaɗa albasa, tsohon ya zauna a teburin kicin da tsohuwar rediyonsa mai eriya a karye, ya kafa kunne. In an tashi wasa, kafin Harlan ya kwance bandejin hannunsa sai ya buga waya gida.

"Baba, ka ji sunana?"

"Ban ji ba."

"Madalla."

"Madalla. Je ka sa ƙanƙara a gwiwar nan."

Hirarsu ke nan, shekara da shekaru. Sau ɗaya ta canza sosai, a shekararsa ta shida. Wasa ne na shiga zagayen ƙarshe, ana daf da tashi, mai jifa ya wurga, aka cafe, aka ƙetare layi, filin ya ɗauki sowa. Sai ga rawayan ƙyalle a ƙasa. Riƙo, lamba sittin da bakwai. Aka soke makin, aka cinye su. Mako guda gidajen rediyo ba su da abincin da ya wuce Dubek. Masu buga waya suna cewa a kore shi, a mayar da shi ɗaukar firji, wani ma ya ce saniya ta fi shi tunani. Emil ya saurara duka, bai kashe rediyon ba ko sau ɗaya.

Da Harlan ya kira, tsohon bai jira tambayar ba.

"Na ji sunanka, har ya ishe ni. Me ya sa ka riƙe shi?"

"Ya wuce ni, Baba. Na makara da ƙafa."

"Da ka bar shi fa?"

"Da ya shiga haƙarƙarin mai jifa. Bai gan shi ba."

Emil ya ajiye cokali a faranti. "To," ya ce. "Gobe ka daina makara da ƙafa."

A shekara ta goma sha ɗaya jiki ya ce ya gaji, kuma Harlan ba mai gardama da jiki ba ne. Ya gaya wa Koci Mabry cewa wannan kakar ce ta ƙarshe. Mai jifansu a lokacin wani yaro ne, Colby Rusk, mai hannu kamar gwafa da baki kamar na aku. Shekarar da ta gabata an yi masa aiki a wuya, likitoci suka saka ƙarfe, suka ce zai iya wasa amma su dai ba su son a sake dukansa ta baya. Yaron yana kiran Harlan Kawu, kuma ko a layin abinci bayansa yake tsayawa, wai ya saba.

A wannan kakar ne kuma ƙodar Emil ta fara gazawa. Likita ya gaya wa Loretta a baranda, murya ƙasa-ƙasa, cewa kada su yi dogon shiri. Wata Lahadi bayan an tashi wasa, an yi wayar "ban ji ba" an ajiye, tana wanke-wanke ta ji tsohon yana magana shi kaɗai, hannunsa a kan rediyo.

"Sau ɗaya dai. Sau ɗaya in ji mutumin nan ya ce Dubek ba tare da ya ce laifi ba."

Ta juyo da kumfa a hannu. "Baba, kai da ka ce suna ba komai ba ne?"

"Wa ya ce miki magana nake? Wanke kwanonki."

Loretta ba mace ce da ake gaya wa ta wanke kwanonta ba. Ta gaya wa Harlan a waya, ya ce shi ba zai je ya roƙi koci a yi masa alfarma ba, ɗan katanga ba ya roƙon ƙwallo. Ta ce to, ba komai. Lahadin da ta biyo baya ta tuƙa mota ta tafi birni, ta tsaya a inda 'yan wasa ke ajiye motoci, ta tare Rusk da jakarta a hammata.

"Kai ne yaron da ƙanena ke gadin bayansa?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Wuyan nan naka da kake juyawa kana kallon 'yan mata, ka san wa ya bar maka shi?"

"Na sani, wallahi."

"To buɗe kunnenka."

Kafin Laraba duk katangar ta sani, koci ma ya sani. Dama akwai ƙofa ɗaya a doka. Mai lamba irin ta Harlan ba shi da izinin karɓar jifa, sai in ya je gaban alƙali ya sanar, alƙali ya shelanta a lasifika, shi kuma ya koma ya tsaya a ƙarshen katangar. Koci Mabry ya tsara abin don wasan ƙarshe, wanda a gida za a yi, ba kuma wani kofi da ya rataya a kansa. In sun matso daf da layin ci, Harlan zai tsaya a ƙarshen hagu. Rusk zai juya dama kamar zai miƙa wa mai gudu. Harlan ya bangaji wanda ke gabansa, ya sake shi, ya sulale kusurwa, ya juyo. Rusk ya waiwayo ya wurga masa a hankali kamar ana ba jariri. Suka sa wa shirin suna Firogi.

Kai, ranar da aka fara gwadawa an sha dariya. Ƙwallon farko ta daki hular kwanonsa. Ta biyu ta bi ta tsakanin karkatattun yatsun nan ta wuce. Abokan katangarsa suka kwanta a ciyawa suna riƙe ciki.

"Kawu, ba firji ba ce, ba sai ka rungume ta ba!" in ji Rusk.

"Rufe min baki, ɗan tsako. Wurgo."

Cafewa ya koya, don bayan kowa ya watse yakan tsaya ya sa a yi ta wurgo masa. Matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce sakin mutum. Da ya ɗora hannu a ƙirjin wanda ke gabansa sai ya liƙe, ya yi ta tura shi, ya manta akwai inda ake jiransa. Koci Mabry ya yi ta jefar da hularsa a ƙasa.

"Sake shi, Dubek! Sake shi! Ba matarka ba ce!"

"Na ji, Koci."

"Ka ji, ka ji, amma hannunka bai ji ba!"

Ina hannu zai ji? Tun yana shekara tara ake gaya masa kada ya bar kowa ya wuce. Amma ya dage, saboda duk sanda ya rufe ido teburin kicin yake gani, da hannun tsoho a kan rediyo. Kafin Juma'a ya iya. Ya kira Loretta ya ce ta sa sabon batir a rediyon, kada ta gaya wa Baba komai.

Ranar Lahadi aka wayi gari da ruwa mai sanyi, filin ya zama taɓo. Kafin a je hutun rabin lokaci ba ka iya karanta lambar kowa a katanga, sun koma kamar an tono su. Rusk kaɗai yake tsaye a bayansu da farar rigarsa, sai ɗan feshin laka a gaba. A kashi na ƙarshe suka tura har saura yadi biyu. Koci ya ɗaga hannu daga gefe.

Harlan ya ruga wurin alƙali, ya goge lakar da ke ƙirjinsa don lambar ta fito, ya sanar. Alƙali ya kunna makirfo: lamba sittin da bakwai yana da izinin karɓar jifa. Filin ya ɗauki guna-guni, waɗanda suka gane suka miƙe tsaye. Mai sharhi a rediyo kuwa a daidai lokacin yana karanta tallar tayar mota, bai ko lura ba.

Suka haɗa kai a da'ira. Rusk ya kama ƙarfen hular Harlan ya jawo fuskarsa.

"Firogi. Kawu, kalle ni. Ko tirela ce ta taso, ka bar ta. Ni zan sha dukan, na yarda. Ka fita kawai."

"Na ji."

"Rantse."

"Na ce na ji, ɗan nema."

Harlan ya duƙa a ƙarshen hagu, wurin da bai saba ba, iska tana dukan kafaɗarsa ta waje inda kullum akwai mutum. Sai ta gefen ido ya hango wani siririn mafarauci yana sanɗowa daga can baya, taku ɗaya, taku biyu, yana karkata jiki. Harlan ya san irinsu. A tsarin ba a sa kowa ya tare shi ba, kuma daga inda yake zuwa bayan wuyan Rusk hanya ce miƙaƙƙiya.

Aka miƙa ƙwallo. Ya bangaji na gabansa, ya sake shi, wallahi ya sake shi. Ya yi taku ɗaya zuwa kusurwa, ya ga ciyawa fayau ba kowa, kamar filin ajiye motocin masana'anta bayan an rufe ta. Taku uku ne tsakaninsa da abin da tsohon ya roƙa. A lokacin siririn ya taso kamar an harbo shi, Rusk kuwa ya ba da baya, bai ga komai ba.

Daga baya Harlan ya ce shi bai yanke shawarar komai ba. Ƙafarsa ta hagu ce ta koma da kanta, kuma wannan karon ba ta makara ba. Ya sa ƙirji a hanya. Ƙarar haɗuwarsu sai da aka ji ta a kujerun sama. Mafaraucin ya tashi sama ya faɗi a taɓo, Harlan ya tsaya a kansa yana haki.

Rusk ya waiwayo ya wurga yadda aka tsara, a hankali, ba tare da ya duba ba, don bai taɓa tunanin Kawu zai rasa zama inda ya ce zai zama ba. Ƙwallon ta yi lilo ta sauka a kusurwa, ta nutse a laka, ba kowa kusa da ita.

Filin ya yi tsit, sannan wasu suka yi ihun takaici, wasu dariya. Rusk ya zo a guje ya daki ƙirjinsa da hannu biyu, hawaye da ruwan sama sun haɗu a fuskarsa.

"Me ka yi? Kawu, me ka yi? Na ce ka bar shi!"

"Juya in ga bayanka."

"Ka haukace ne?"

"Juya, na ce."

Aka haƙura aka buga ƙwallon da ƙafa aka samu maki uku, aka ma ci wasan, amma wa ya damu. Damar ba ta sake zuwa ba. A ɗakin sauya kaya Koci Mabry ya dafa kafaɗarsa ya wuce. Harlan ya zauna ya daɗe yana kallon wayarsa, bai kira ba. A mota ya kunna rediyo sai ya tarar ana maimaita wurin, muryar mai sharhi tana cewa, "Kai, jama'a, Dubek ya manta ya fita! Shekara goma sha ɗaya, an ba shi kyauta a faranti, ya manta!" Ya kashe. Karo na ƙarshe ke nan da aka kira sunansa a rediyo, kuma da laifi aka haɗa shi. Baƙin cikin da ya ji a ranar ya fi na shekara ta shida, don wancan bai hana tsohon abin da ya roƙa ba.

Safiyar Litinin ya tuƙa zuwa gida, ya haye gada, ya tsaya a ƙofar gidansu ya kasa fitowa sai da Loretta ta leƙo ta taga ta ce in ba zai shigo ba ya matsar da motar, ya tare wa mai kwasar shara hanya. Ya shiga da jakar kayansa a kafaɗa. Emil yana teburin kicin da bargo a cinya, ya rame har zoben aurensa yana yawo a yatsa.

"Takun giwa nake ji," tsohon ya ce. "Jiya ba ka kira ba."

"Ban kira ba, Baba."

"Na ji alƙali ya ce sittin da bakwai, ƙasa-ƙasa, ana cikin tallar taya. Na ce wa Loretta ta ƙaro murya. Sai ta fara kuka tun ba a yi komai ba, a nan na gane munafuncin da kuka ƙulla."

"Albasa nake yankawa," in ji Loretta daga wurin murhu.

"Sai na ji wata ƙara, kamar an yar da ƙarfe a masana'anta. Sai mutumin ya ce ka manta." Ya juyo da fuskarsa inda numfashin ɗansa yake. "Ka manta ne?"

"A'a."

"To me ya hana ka fita?"

"Wani ya taso ta waje. Ba kowa a kansa."

"Da ka bar shi fa?"

"Wuyan yaron, Baba. Ya ba da baya." Muryarsa ta karye. "Na so in kawo maka. Wallahi na so. Taku uku ne."

Harlan ya sunkuya yana buɗe jaka don ya samu abin yi da hannunsa, sai ya ga abin da ba shi ya saka ba: farar riga a dunƙule, ba a wanke ba. Rusk ne ya cusa ta lokacin da Harlan yake wanka.

"Mene ne?" tsohon ya tambaya. Kunnensa ba ya barin komai.

"Rigar mai jifa ce. Ta jiya."

"Miƙo."

Emil ya shimfiɗa ta a tebur. Ya fara da gaba, yatsunsa suna cin karo da busasshiyar laka, tana marmashewa. Sannan ya juya ta. Ya bi kafaɗa, ya bi wuya a hankali, ya bi lambar, ya sauko har ƙasa, ya sake komawa sama. Santsi kawai.

"A ruwan nan na jiya?" ya ce.

"A ruwan nan."

Tsohon ya ture rediyon gefe. Ya lalubo kwalbar gishiri, ya ɗaga ta zuwa bakinsa, ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Sai ga wata murya ta fito daga ƙirjin nan da ya ƙare, irin ta masu sharhi, mai sauri, mai hawa.

"Jama'a masu sauraro, saura yadi biyu! An miƙa! Rusk ya juya, bai gani ba, ga wani ya taso ta hagu, wayyo, ba kowa, ba kowa, zai karya shi... Dubek! Dubek ya tare shi! Harlan Dubek, lamba sittin da bakwai, ɗan Emil na bakin gada! Ya shimfiɗe shi a laka! Yaro yana tsaye, jama'a, yana tsaye da ƙafafunsa!"

Tari ya sarƙe shi. Harlan ya riƙe shi da karkatattun yatsunsa har ya lafa. Loretta ta ba su baya, kafaɗunta suna rawa, kuma babu albasa ko ɗaya a gabanta.

Emil ya ajiye kwalbar gishiri, ya share baki.

"To, ƙato. Jiya ba ka tambaye ni ba. Tambaye ni."

Harlan ya matso kusa da shi.

"Baba, ka ji sunana?"

"Na ji," tsohon ya ce. "Da kyau na ji shi. Loretta, zuba wa yaron nan abinci, daga jin muryarsa ya rame."